Yadda muka shirya kallon taro na bankwanan Jodie Whittaker a Doctor Who: takardu, na'urori da abin da ya faru a zauren

Wannan bayani na ɗaliban da ke karatu a Ingila ne, da ma duk wanda yake da wata ƙungiya a can yake so ya tara jama'a a zaure su kalli shirin talabijin tare. A gida, mai gidan kallo in ya samu dikoda da janareta da benci to ya gama shiri. A can kuwa lasisi huɗu ne suke da hannu a lamarin, kowanne da hukumarsa, kuma ba wanda zai zaunar da kai ya jera maka su. Mun bi wannan hanya a watan Oktoban 2022, lokacin da ƙungiyarmu ta masu sha'awar fina-finan ƙagaggen kimiyya a jami'a ta shirya kallon kashin bankwana na Jodie Whittaker a shirin Doctor Who, kuma ni aka ɗora wa bin takardu da haɗa na'urori.

Ga wanda bai san shirin ba, BBC ta fara nuna shi ranar 23 ga Nuwamban 1963, aka dakatar a 1989, aka yi fim guda a 1996, sannan ya dawo gadan-gadan a 2005. Jarumin, wanda ake kira Dakta, halitta ce ta wata duniya mai yawo tsakanin zamani da zamani, kuma idan ajali ya zo masa ba ya mutuwa, rikiɗa yake yi ya koma wani mutum dabam. Da wannan dabara ake canja ɗan wasa ba tare da an rufe shirin ba, shi ya sa duk bayan 'yan shekaru ake samun kashin bankwana da masoya suke jira da zullumi. Whittaker ce mace ta farko da aka ba jagorancin shirin, an sanar da ita a watan Yulin 2017. Kashinta na ƙarshe, The Power of the Doctor, an nuna shi ranar Lahadi 23 ga Oktoban 2022 da ƙarfe 7:30 na dare a BBC One, tsawonsa kusan minti 90, cikin bukukuwan cikar BBC shekara 100.

Zango na farko shi ne ofishin ƙungiyar ɗalibai, inda ake kama zaure. Nan aka fara samun karo tsakanin abu biyu: ofishin yana so a miƙa fom ɗin taro makonni kafin ranar, jadawalin talabijin kuwa ba ya tabbata sai kamar saura kwana goma. Mun san ranar amma ba mu san awar ba. Maganinsa shi ne ka kama zauren da faɗi, mu mun rubuta daga ƙarfe 6 zuwa 10 na dare, kuma har yanzu ina ganin da mun ƙara rabin awa a ƙarshe da ya fi, dalilin zai zo a gaba. Fom ɗin yana tambayar sunan taron, yawan mutanen da ake sa rai, ko akwai baƙi daga wajen jami'a, ko za a karɓi kuɗin shiga, ko za a kawo abinci, da kuma wata tambaya mai kama da ba komai: shin fim za a nuna? Da na zaɓi e, sai ma'aikaciyar ta mayar mini da fom ɗin da jerin abubuwan da ake buƙata na nuna fim, har da shaidar matakin shekarun masu kallo da takardar izini daga majalisar gari. Na fita ofishin jikina a sanyaye, ina lissafin ko lokacin da ya rage zai isa.

Daga nan na tuntuɓi sashen lasisi na majalisar gari. Takardar da aka ambata ita ce sanarwar taron wucin gadi, wadda suke kira TEN a taƙaice. Kuɗinta fam 21, ana miƙa ta aƙalla ranakun aiki 10 kafin taron, ba a ƙirga ranar miƙawa da ranar taron, kuma ta taro ce mai mutum ƙasa da 500. Amsar da ta zo ta imel bayan 'yan kwanaki ita ce ta sauya mana shirin baki ɗaya. Dokar lasisi ta 2003, wadda ke aiki a Ingila da Wales, ta sa nuna fim cikin nishaɗin da ke buƙatar izini, amma ta cire nuna shirin talabijin a daidai lokacin da tashar take watsa shi. Wato idan muka kunna BBC One da ƙarfe 7:30 muka kalla tare da sauran ƙasar, babu ruwanmu da wannan takarda. Idan kuwa muka ɗauki shirin muka nuna da ƙarfe 9, ko muka sa faifai, to ya zama nuna fim, sai dai in zauren yana da nasa lasisin da ya haɗa da fina-finai. Wannan bambanci na kai tsaye da na ɗauka shi ne ƙashin bayan komai, kuma shi ne abin da fom ɗin bai fayyace ba. Na buga imel ɗin a takarda na koma da shi, aka gyara fom ɗin ya koma kallon talabijin kai tsaye. Ya kuma kashe wani shirin da muka yi na nuna tsohon kashi daga faifai kafin a fara, don ɗumama zaure.

Lasisi na biyu shi ne na talabijin. A 2022 kuɗinsa fam 159 a shekara, kuma ana buƙatarsa ga duk wanda zai kalli tasha kai tsaye ko ya buɗe iPlayer, manhajar BBC ta kallo a intanet, tarar rashinsa tana iya kaiwa fam 1,000. Abin da ɗalibai da yawa ba su gane ba shi ne lasisin na adireshi ne. Naka na ɗakin kwana ba ya bin ka zuwa wani gini idan ka jona na'urarka a wutar bango ko a eriyar wurin; yana rufe ka ne kawai idan na'urar tana aiki da batirin cikinta. Majigi da dikoda kuwa dole su sha wutar bango. Saboda haka tambayar ita ce ko ginin da zauren yake yana da lasisi. Namu yana da shi, domin akwai talabijin a ɗakin cin abinci na ginin, amma sai da na nemi manajan gini ya tabbatar a rubuce cewa adireshin da ke kan lasisin ya haɗa da ɓangaren da zaurenmu yake. Jami'o'i suna da gine-gine da yawa, kada ka ɗauka na wannan ya rufe wancan.

Na uku shi ne haƙƙin mallaka, kuma nan ne aka fi samun tsohon bayani a intanet. Sashe na 72 na dokar haƙƙin mallaka ta 1988 ya yarda a nuna abin da tasha take watsawa ga jama'a matuƙar ba su biya kuɗin shiga ba. Amma a watan Yunin 2016 an gyara sashen aka cire fim daga wannan sassauci, kuma a idon doka wasan kwaikwayon da aka ɗauka tun kafin a watsa fim ne. Ma'ana, ko da kyauta ne, wurin yana buƙatar izinin masu shirin. Cibiyoyi da yawa suna sayen lasisin shekara mai rufe kamfanoni da dama, irin na MPLC ko na Filmbankmedia. Ba ƙungiyarka ce za ta saya ba, ofishin da ke kula da ginin ne, aikinka shi ne ka tambaye su ko suna da shi, ka kuma roƙi su duba cewa mai shirin da za ka nuna yana cikin jerin kamfanonin da lasisin ya rufe. Wannan amsa ce ta fi daɗewa, domin sai da ta bi ta hannun mutum uku, kuma a tsawon jiran ba mu iya lika sanarwa ba. Na huɗu kuma na kiɗa ne, TheMusicLicence, wanda PPL da PRS, masu karɓar kuɗin haƙƙin masu kiɗa, suke bayarwa tare. Duk ginin da ake sa kiɗa a cikinsa yawanci yana da shi, namu ma haka, tambaya ɗaya ta wadatar.

Batun kuɗin shiga yana da tarko. Ba tikiti kaɗai ake kira biya ba. Idan ka tsawwala kuɗin shayi da biskit a daren fiye da yadda aka saba domin kallon, ana iya ɗaukarsa a matsayin an biya kuɗin shiga, haka idan ka ce sai wanda ya biya kuɗin ƙungiya zai shiga, to a bincika da kyau kafin a rubuta haka a sanarwa. Mun buɗe ƙofa ga kowane ɗalibi kyauta, aka yi rajistar suna kawai saboda adadin da hukumar kashe gobara ta yarda zauren ya ɗauka, kayan ciye-ciye kuma aka saya daga asusun ƙungiya.

Fom ɗin tantance haɗari bai ɗauki lokaci ba: wayoyi a ƙasa a rufe su da tef, ƙofofin gaggawa a bar su a buɗe ba kujera a gabansu, a sanar cewa shirin yana da walƙiyar haske saboda masu farfaɗiya, duk na'urar da aka kawo daga waje mai shan wutar bango a nuna takardar gwajinta. Abincin da aka dafa a gida ba su yarda da shi ba sai da takardar horon tsaftar abinci, saboda haka maganar wainar da wata 'yar'uwa ta yi alkawari ta mutu a nan. Na fakiti aka saya, aka bar kowanne a ledarsa don mai rashin jituwa da wani abinci ya karanta da kansa. Masoya shirin suna son a kawo alewar Jelly Babies domin Daktan Tom Baker na shekarun 1970 ya shahara da raba ta, sai dai tana da gelatin na dabba, Musulmi ya duba fakitin kafin ya kai baki. Biskit ɗin custard cream ya fi sauƙi, kuma shi ne ma na zamanin Whittaker, jirgin da Daktar take yawo da shi yana da wani abin takawa da ke fito da shi.

Yanzu na'urori. Hanya biyu ce: kwamfuta da iPlayer ta intanet, ko dikodar Freeview, wato tashoshin kyauta na can, da eriya. Kowa zai ce kwamfuta ta fi sauƙi, ni kuwa ina ba da shawarar eriya saboda dalili uku. Sharuɗɗan iPlayer na amfanin mutum ne na kansa. Intanet ɗin jami'a yana iya yankewa ya nemi a sake shiga. Sannan hoton intanet yana zuwa a bayan na eriya, sau da yawa da fiye da rabin minti, kuma a daren bankwana rabin minti ya isa wayar wani a layin baya ta yi ƙara, ya karanta, ya yi ihu, ya fasa wa zaure ƙwai kafin hoton ya iso. Talabijin ba ta da kafar fitar da hoto zuwa majigi, saboda haka dikoda ake nema mai kafar HDMI. Ka fara duba ko bangon zauren yana da kafar eriya kuma tana aiki, don wasu kafofin ado ne kawai, an yanke wayarsu tun wani gyaran gini. Eriyar cikin ɗaki tana wahala a ginin kankare ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Idan ita za ka yi amfani da ita, ka kai ta bakin taga da doguwar waya, ka sake binciken tashoshi a wurin, ka duba ma'aunin ingancin sigina a cikin saitin dikodar, ba ma'aunin ƙarfi kaɗai ba.

Mun yi gwaji a tsakiyar mako da yamma, kuma ga abubuwan da suka fito. Da farko allo baƙi ƙirin. Dalilin shi ne kariyar kwafi da ke cikin HDMI, wadda ake kira HDCP: wayar tana bi ta wani akwatin rarraba hoto na zauren wanda bai jitu da dikodar ba. Da muka jona dikoda kai tsaye da majigi, muka kunna majigin tukuna sannan dikodar, hoto ya zo. Sai kuma tashar 101, wato BBC One mai tsaftataccen hoto, ta nuna jan allo da rubutu maimakon shiri. Ba lalacewa ba ce, a wancan lokacin labaran yanki na ƙarfe 6:30 ba sa zuwa a wannan tasha a Ingila, sai a tasha ta 1. Sauti kuma ya ƙi fita ta lasifikokin zauren har sai da aka shiga saitin dikoda aka mayar da shi sitiriyo, domin amfilifayar ba ta fahimtar sautin mai tashoshi da yawa. Bayan ya fito sai muka ga murya tana riga leɓe, saboda majigi yana ɗaukar ɗan lokaci kafin ya sarrafa hoto. Yawancin dikodoji suna da wurin jinkirta sauti, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan ana kallon bakin mai karanta labarai har su daidaita. Abu na ƙarshe, wanda ya fi kowanne haɗari domin ba ya bayyana a gajeren gwaji: dikodoji da talabijin na can suna kashe kansu bayan awa uku ko huɗu idan ba a taɓa rimot ba. Wanda ya kunna da ƙarfe 5 don gwaji, allonsa zai mutu a tsakiyar shirin. A shiga saitin tanadin wuta a kashe wannan. A kuma san maɓallin da ke kunna muryar mai bayanin hoto ga makafi, domin in aka danna shi bisa kuskure sai ka ji wani yana ba da labarin abin da kowa ke gani.

Rubutun ƙasan allo mun bar shi a kunne, ko da wasu sun yi gunaguni. Whittaker tana magana da karin Yorkshire, cikin sauran 'yan wasan kuma John Bishop da na Liverpool, Sylvester McCoy da na Scotland, Janet Fielding da na Ostireliya, ga kiɗa mai ƙarfi a kan maganar. Kiɗan ma na Segun Akinola ne, ɗan Birtaniya mai asali da Najeriya, wanda ya riƙe kiɗan shirin tun 2018, kuma wannan kashi shi ne nasa na ƙarshe shi ma. Ɗaliban Najeriya da suka zo mana rakiya ba su san haka ba sai da sunan ya fito a allo.

Ranar Lahadin, magariba ta faɗi kafin ƙarfe 6, isha'i kuma tana shigowa dab da lokacin farawa. BBC ba ta sa talla, babu hutu ko na minti ɗaya a cikin shirin, saboda haka aka sanar tun a bakin ƙofa cewa mai zagawa ya zaga, mai salla ya tsara ko kafin ko bayan. Agogon Birtaniya a ranar daidai yake da na Najeriya, sai mako guda bayan nan aka mayar da shi baya da awa ɗaya. Da ƙarfe 7:15 wani ɗan ƙungiya ya yi bayanin minti biyar ga sababbin shiga: wane ne Dakta, wane ne abokin gabansa Master, mene ne rikiɗa. Aka roƙi kowa ya kife wayarsa. Jita-jita ta riga ta cika intanet, domin tun watan Mayu an sanar da Ncuti Gatwa a matsayin sabon Dakta, an kuma sanar cewa David Tennant, wanda ya taɓa fitowa a matsayin Dakta, zai dawo a shirye-shiryen cika shekara 60, amma ba wanda ya tabbatar da fuskar da za ta fito a daren.

Cikin minti ashirin na farko zauren ya rabu biyu, kuma bai sake haɗuwa ba. Akwai tsofaffin hannu, galibi ma'aikata da ɗaliban digiri na uku da suka gaji kallon daga iyayensu, akwai kuma waɗanda suka fara da Whittaker a 2018. Da Ace da Tegan suka fito, abokan tafiyar Dakta na shekarun 1980, da 'yan wasansu na asali Sophie Aldred da Janet Fielding, sai gefe guda ya ɗauki tafi, ɗaya gefen yana waige-waige yana neman mai bayani. Da aka sallami Dan, ɗaya daga abokan tafiyar Dakta, wanda John Bishop yake fitowa a matsayinsa, tun shirin bai yi nisa ba, sai aka ji guna-guni daga matasan. Wurin da Sacha Dhawan, mai fitowa a matsayin Master, cikin shigar Rasputin, ya taka rawa da tsohuwar waƙar Boney M shi ne kaɗai inda kowa ya yi dariya tare, har da 'yan rakiya da suka san waƙar tun daga kaset ɗin iyayensu. Sai babban ihu, lokacin da tsofaffin Daktoci suka bayyana ɗaya bayan ɗaya: Peter Davison, Colin Baker, Sylvester McCoy, Paul McGann, da David Bradley a madadin na farko. Maganar da aka yi a wannan fage ba wanda ya ji ta da kunne, rubutun ƙasan allo ne ya cece mu. Dab da ƙarshe aka nuna taron tsofaffin abokan tafiya, cikinsu har da William Russell, yana da shekara 97, a matsayin da ya fara a 1963 ya bari a 1965. Tazarar shekara 57 ɗin nan ta shiga kundin bajinta na Guinness. Wani dattijo a layin gaba ya cire tabarau yana share ido, matasan kusa da shi ba su san ko wane ne a allon ba.

Fagen rikiɗar kansa a kan dutsen bakin teku aka nuna shi, Durdle Door da ke Dorset. Whittaker ta yi bankwana cikin natsuwa da murmushi, ba irin na Tennant a farkon 2010 ba da ya tafi yana ƙorafin ba ya son tafiya. Haske ya lafa, sai ga fuskar Tennant ɗin, har tufafin ma sun sauya. Kujeru suka yi ƙara, wasu suka miƙe tsaye, wata ta fashe da kuka, ba na murna ba. A nan mai riƙe da rimot ya kiyaye: kada a kashe ko a kunna fitila da zarar sunaye sun fara tafiya. Bayansu aka saka ɗan tallan shirye-shiryen 2023, kuma a cikinsa aka fara ganin Gatwa.

An gama da misalin ƙarfe 9, kuma ba wanda ya tashi. Wannan awa ɗaya da ta rage ita ce ainihin taron, kuma ta yi mana kaɗan. Mun juya kujeru suka zama da'ira, aka naɗa mai ba da dama, minti biyu ga kowa. Ba don haka ba da masu murya uku ne za su cinye daren. Muhawarar ta fi zafi a kan Yaz, abokiyar tafiyar Dakta, wadda Mandip Gill take fitowa a matsayinta. Shirin ya riga ya nuna a farkon shekarar cewa tana son Dakta, sai ga shi an rabu da su da shan askirim a kan rufin jirgi, sannan aka sauke ta ba wani dogon bayani. Wasu suka ce kunya da kawaici ne suka ƙawata fagen, wasu suka ce marubucin, Chris Chibnall, ya buɗe ƙofar da ba shi da niyyar shiga. Sai batun tufafi: al'adar shirin ita ce sabon Dakta ya farka cikin kayan wanda ya gada, me ya sa da aka zo kan mace aka sauya? Tsofaffin hannu suka kawo hujjar cewa a rikiɗar farko ta 1966 ma kayan sun sauya. Matasan suka ce ai a wannan kashin Dhawan ya sa kayan nata kuma duniya ba ta tashi ba. Daga baya Russell T Davies, wanda ya karɓi ragamar shirin, ya bayyana cewa ya guji jaridu su mayar da hoton namiji cikin kayan mace abin ba'a ne, kuma wannan bayani bai rufe bakin kowa ba. Akwai masu jin haushin cewa labarin asalin Dakta da aka tayar a 2020 an bar shi a rataye, akwai masu cewa an cusa abokan gaban Dakta, wato Daleks da Cybermen da Master, da duwatsu masu aman wuta a tukunya ɗaya har labarin ya rasa inda zai sa ƙafa.

Nawa ganin, kashin ya fi yi wa tarihin shirin hidima fiye da yadda ya yi wa matar da ake sallama. An ɗauki wani dogon yanki Master yana riƙe da jikinta ita tana gefe, kuma washegari hoton Tennant ne a ko'ina. Amma mintunanta na ƙarshe suna cikin mafi kyawun bankwana da shirin ya yi, kuma wanda ya kalla shi kaɗai a waya ba zai gane dalilin da ya sa dawowar tsofaffin fuskoki take da nauyi ba. Alƙaluman kallo sun nuna mutum miliyan 3.7 a daren, suka kai miliyan 5.3 bayan mako guda, alhali kashinta na farko a 2018 ya kusan miliyan 11, kuma kowane ɓangare ya ɗauki wannan ya kafa hujja da shi. Masu filin da Durdle Door yake ma sun yi ƙorafi bayan an nuna, suna tsoron masoya su riƙa hawa kan dutsen.

Mai gadi ya leƙo da ƙarfe 10 saura kwata. Sai da aka mayar da kujeru yadda hoton bangon zauren ya nuna, aka kwashe shara, aka mayar da wayar majigi cikin akwatin rarraba hoton da muka cire ta, domin malamin da zai shiga da safe ba zai san an taɓa ba, aka sa hannu a littafin makulli. Wanda zai shirya irin wannan ya ware aƙalla minti 90 bayan shirin, 60 na magana 30 na gyara, ya kuma samu mutum biyu a kan na'ura, ɗaya da rimot ɗaya da kwamfutar ko-ta-kwana. Duk amsar da ofis ya ba ka da baki, ka nemi a turo ta imel, ka buga ka riƙe a aljihu a daren, domin mai gadin Lahadi ba shi ne wanda ka yi magana da shi ranar Talata ba. Sanarwar taro kuma a rubuta ƙa'idar fasa ƙwai a jikinta: ba a tattauna jita-jita a zaure kafin a fara, ba a sa hoton ƙarshe a zauren WhatsApp na ƙungiya sai bayan kwana biyu, saboda masu aikin dare.

Wasu abubuwan sun sauya tun daga lokacin. Kuɗin lasisin talabijin ya tashi zuwa fam 169.50 a Afrilun 2024, sannan fam 174.50 a Afrilun 2025. Kwana biyu bayan kallon namu aka sanar cewa Disney+ ce za ta riƙa nuna sababbin kashi a wajen Birtaniya da Ireland, kuma a zangon 2024 an riƙa sakin kowane kashi a iPlayer da tsakar dare, sa'o'i da yawa kafin BBC One ta watsa shi da yamma. Idan aka yi irin wannan tsari, eriya ba za ta kare zaurenka daga masu fasa ƙwai ba, rabin mutanen sun riga sun kalla, kuma sassaucin dokar 2003 yana kan watsawar tashar ne, ba kan abin da aka buɗe daga rumbun intanet ba. Saboda haka kafin ka cike fom ɗin zaure, fara bincika ko kashin da kake so za a sake shi a intanet da talabijin lokaci guda.